Ciniki daban, riba daban: amsa ga mai tambaya kan kalmomin labaran kasuwanci

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, hidima ce ta sha kaina. Ka ce ka gama bautar ƙasa an ɗauke ka aiki a gidan rediyo, ko wata ba ka rufa ba aka jibga maka labaran kasuwanci da tattalin arziki, kuma kana so in jero maka kalmomin da aka fi amfani da su don ka haddace. Toh Allah ya sa albarka. Amma gaskiya ba zan jero maka su kamar ƙamus ba, don na daɗe a wannan teburin kuma ban taɓa ganin wanda rashin kalma ya kunyata ba, Hausa tana da kalmomin kasuwa har sun yi mata yawa, mutanen da suka yi fataucin goro har Gwanja ai ba za su rasa sunan riba da faɗuwa ba. Abin da ke kayar da mu shi ne kalmomi biyu masu kama da juna, ka ɗauki ɗaya ka sa a gurbin ɗaya, labari ya fita sumul, kuma ƙarya ne.

Bari in fara da wadda ta taɓa kayar da ni. Ina sabon shiga aka miƙo min rahoton shekara na wani kamfani, na ga wani ƙaton adadi a saman takarda, ban yi wata-wata ba na rubuta kamfani kaza ya ci ribar biliyan kaza, aka karanta a labaran yamma. Washegari na shiga Kantin Kwari wajen wani Alhaji abokin babana, yana zaune kan dilar atamfa yana danna kwakuleta, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce yaro, kai ka rubuta labarin jiya? Na ce ni ne, har da ɗan murmushi. Ya jawo littafinsa ya buɗe min shafin ranar, ya ce ka ga wannan, cinikin da na yi ke nan yau, in duk riba ce da tuni na sayi layin nan gaba ɗaya. Ciniki shi ne duk abin da ya shigo aljihu daga sayar da kaya. Sai ka cire uwar kuɗi, ka cire haya da albashin yara da kuɗin dako da na wuta, abin da ya rage shi ne riba. A rahoton kamfani adadin farko na sama kusan kullum ciniki ne, ko ka ce kuɗin shiga, riba tana can ƙasa kuma ita ma kashi biyu ce, akwai riba kafin a cire haraji akwai riba bayan an cire haraji, dole ka faɗi wacce kake nufi. Abin da ake raba wa masu hannun jari kuma wani yanki ne na ribar, shi muke cewa rabon riba, ba duka ake rabawa ba.

Tunda an zo kan riba, ka lura kalmar nan biyu ce a Hausa amma rubutunsu ɗaya. Akwai riba ta ciniki wadda ake jan "ri" ɗin, akwai riba wadda malamai ke wa'azi a kanta da ake datse "ri" ɗin. A baki kowa yana bambancewa, a rubuce kuwa sai Allah, kuma mai karanta labarai in yana sauri zai iya tuntuɓe. Don haka in abin da banki ke ɗorawa kan bashi kake nufi, rubuta kuɗin ruwa ka huta. In ka ji an ce Babban Banki ya ƙara kuɗin ruwa, kamar yadda suka kai shi kashi 27.5 a Nuwamban 2024, ba wai sun ƙara wa kowa bashin da ke kansa a ranar ba ne, ma'auni ne da bankuna ke kallo su saka nasu, manufar ita ce bashi ya yi tsada kuɗi su ragu a hannun mutane ko farashi ya lafa. Bankuna irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 kuma a hukumance sunansu bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa, mutane na cewa bankin Musulunci, duka biyun za a gane ka. Sukuk ka bar shi sukuk, gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, duk wanda ke bin manyan tituna ya ga allunan, sai dai ka ɗan ƙara da cewa takardar zuba jari ce marar kuɗin ruwa.

Sai babbar, hauhawar farashi. Wallahi wannan ta fi kowacce jawo wa 'yan jarida zagi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, a Janairun 2025 ta ce 24.48, sai ka ji wani ya hau iska yana cewa farashin kaya ya sauka da kashi goma, uwargida tana jin sa a kicin tana tsaki don da safen nan ta aiki yaro shago. Kuskure biyu ne a ciki. Na farko, hauhawa gudu ce, ba wurin da aka kai ba. A ce kwanon shinkafa bara waccan naira 2,000, bara ya koma 3,000, ka ga ya hau da kashi 50. Bana ya zama 3,300, ya hau da kashi 10. Hauhawa ta ragu daga 50 zuwa 10, amma shinkafa ba ta sauka ko kwabo ba, ƙaruwa ma ta yi. Motar ta rage gudu ne kawai, ba ta yi ribas ba. Na biyu, waccan faɗowar ta Janairun 2025 yawancinta daga sauya ma'auni ne, hukumar ta daina auna farashi da shekarar 2009 ta koma 2024, ta kuma sake kwandon kayan da take dubawa. Don haka abin da za ka ce shi ne "saurin tashin farashi ya ragu", ni na fi son wannan ma a kan hauhawa don ko tsohuwa ta ji ta gane. Kar ka ce farashi ya sauka, ko ya karye, sai ka je kasuwa ka gani da idonka.

Kuma ka kula da kashi cikin ɗari, akwai rami a nan. A Fabrairun 2020 aka ƙara harajin VAT, wato harajin sayen kaya, daga kashi 5 zuwa 7.5. Wasu suka ce an ƙara da kashi biyu da rabi, wasu suka ce da kashi hamsin, kuma kowa yana da hujja, don kayan naira 10,000 da kake biya wa 500 yanzu 750 za ka biya, rabin abin da kake biya ne aka ƙara maka. Mafita mai sauƙi, ka faɗi daga nawa zuwa nawa shikenan, kar ka ce "da kashi kaza". A iska kuma "bakwai da rabi" ya fi "bakwai da ɗigo biyar" daɗin ji, ɗigo ka ajiye shi sai inda ba makawa.

Haka lissafin naira da dala. In dala ta tashi daga 500 zuwa 1,000, dala ta ninka, wato ta hau da kashi 100, amma naira rabin darajarta ta rasa, kashi 50. Na sha jin ana cewa naira ta faɗi da kashi 100, haba, in ta faɗi da kashi 100 ai ta zama takardar ƙunshe ƙosai. Sannan karya darajar kuɗi daban, faɗuwar daraja daban. Karyawa hukuma ce ke zama ta yanke, kamar Janairun 1994 da aka karya sefa, kuɗin su Nijar, rana ɗaya, faran ɗin Faransa guda da ake canzawa sefa 50 ya koma 100, mutanen Nijar da suka manyanta har yau suna ba da labarin. Faɗuwa kuwa kasuwa ce ke jan kuɗin ƙasa a hankali. Abin da aka yi a Yunin 2023 shi ne Babban Banki ya haɗe farashin canji wuri ɗaya ya ce kasuwa ta yi halinta, dalar da ake bayarwa wajen 460 a hukumance ta wuce 700 cikin kwanaki. Kuma kullum ka faɗi farashin ina kake kawowa, na hukuma ko na 'yan canji. Ana cewa kasuwar bayan fage, ba laifi, amma ni na fi sakin jiki da "kasuwar 'yan canji" don mutanen Wapa a Fagge ba a ɓoye suke ba, a bakin titi suke da rana tsaka.

Af, kar in manta da dala, tunda tasharku ana jin ta har tsallaken iyaka. Farkon zuwana Maraɗi na tsaya sayen ƙuli-ƙuli wata yarinya ta ce min dala ashirin, na tsaya ina kallonta ina lissafin dalar Amurka ashirin a kaina, wanda ya rako ni ya kusa faɗuwa don dariya. A Nijar dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1,000. Mu kuma a nan jaka naira 200 ce, ta samo asali daga jakar fam 100 ta zamanin Turawa, da aka kawo naira a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, shi ya sa har yanzu dattawa a kara in suna cinikin shanu za ka ji jaka kaza jaka kaza. Saboda haka a labari ka ce dalar Amurka cikakke, aƙalla a karon farko. Kuma abin da muke cewa biliyan su miliyar suke cewa, daga Faransanci, kuma a Faransanci kalmar da ta yi kama da biliyan tiriliyan take nufi, in ka ɗauko labari daga takardar Yamai ka buɗe ido. Tsofaffin masu karanta labarai miliyan dubu suke cewa maimakon biliyan, kuma wallahi ya fi shiga kai. Ni har yanzu in na rubuta tiriliyan nakan ƙara "wato biliyan dubu" sau ɗaya, kuma duk adadin da ya wuce miliyan sai na ƙirga sifilinsa da bakin biro kafin in miƙa.

Kasafin kuɗi. Nan kalmomi uku ne za ka riƙe kamar carbi: ware, saki, kashe. An ware wa asibiti biliyan biyu yana nufin an rubuta a takarda. An saki yana nufin kuɗin sun bar baitulmali sun isa ma'aikatar. An kashe yana nufin an yi aikin, ko dai an ce an yi. Tsakanin ware da kashe akwai tafiyar kwana da kwanaki, wani lokacin ma ba a isa. In ka ce gwamnati ta kashe alhali warewa ta yi, ka yi mata kamfen kyauta, ko kuma ka sa mutanen gari su tsine wa shugaban asibitin da ko sisi bai gani ba. Haka matakan kasafin kansa, shugaban ƙasa ya gabatar, majalisa ta amince, sannan ya sa hannu ya zama doka, kuma adadin yakan canza a hanya. Na 2025 da aka gabatar a Disambar 2024 tiriliyan 49.7 ne, wanda aka sa wa hannu a ƙarshen Fabrairu tiriliyan 54.99. Sauran ba wuya, manyan ayyuka su ne tituna da gadoji da gine-gine, ayyukan yau da kullum su ne albashi da alawus da man janareto, giɓi shi ne in abin da za a kashe ya fi abin da zai shigo, rara kuma akasin haka, ita kam ba ka cika haɗuwa da ita ba.

Yanzu tallafi. Ban san kalmar da aka ɗora wa kaya kamar jakin Kano irin wannan ba. Tallafin man fetur da Tinubu ya ce ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin kwana biyu uku, tallafi ne. Shinkafar da ake rabawa don rage raɗaɗi tallafi. Kuɗin da wata ƙasa ta bayar kyauta tallafi. Duk wannan da sauƙi, inda ɓarnar take shi ne a kira bashi tallafi. Bankin Duniya ya ba da rance mai sauƙin ruwa, sai ka ji an ce ya ba Najeriya tallafi, alhali jikokinmu za su biya. Ka tuna shirin ba manoma bashi na Babban Banki da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, manoma da yawa sun ɗauka rabonsu ne na gwamnati, da aka zo karɓa aka yi ta rigima, kuma ni a ganina mu 'yan jarida muna da kaso a laifin don tallafi muka yi ta kiransa a iska. In za a biya, sunansa bashi ko rance ko lamuni. Bahaushe ma ya bambance aro da rance, aro abin da ka karɓa shi za ka mayar, kamar tabarma ko tsani, rance kuwa kwatankwacinsa za ka mayar, kamar kuɗi ko hatsi, don haka "aron kuɗi" da yara ke rubutawa yanzu ba daidai ba ne. Abin da ka ajiye wa banki kafin ya ba ka, gida ko fili, jingina ke nan.

Haraji ma ka taka a hankali. Kalmar tana da nauyi a kunnen talakan Arewa, tana tuna masa haraji da jangali na zamanin En'e, wanda Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979. In ka ce za a dawo da haraji ka tayar da hankali. Ka fayyace wanne, harajin albashi, na ribar kamfanoni, na sayen kaya, ko kuɗin fito da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su.

GDP kam har yau ba mu daidaita ba, wani ya ce ma'aunin tattalin arziki, wani ya ce arzikin cikin gida. Ni nakan ce jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara, na kaya da na ayyuka. Kuma in an ce ya ƙaru da kashi uku kar ka ce tattalin arziki ya bunƙasa, bunƙasa babbar kalma ce, ka ce ya ƙaru. A 2014 da aka sake ma'auni, dare ɗaya adadin ya koma wajen dalar Amurka biliyan 510 muka wuce Afirka ta Kudu, ba wanda ya wayi gari da ƙarin kwabo a aljihu. In kuma ya ragu rubu'i biyu a jere, wato wata shida, kamar 2016 da 2020, koma-bayan tattalin arziki ya fi dacewa. Wasu na cewa karayar tattalin arziki, amma a kasuwa in aka ce wane ya karye to jarinsa ya ƙare ƙurmus, ka ga ta yi zafi da yawa.

Kalmomin ofis kuma za ka tsince su da kanka cikin wata ɗaya, akanta, odita, rasit, bauca, garatuti, fansho, kwangila, duk sun zama Hausa kar ka wahalar da kanka neman wasu. Biyu kawai zan ja maka kunne. Yarjejeniyar fahimtar juna ba kwangila ba ce, alkawarin za mu duba ne aka yi da hoto da musabaha, kar ka ce za a gina masana'anta don an sa hannu a kanta. Sannan in EFCC ta kama wani, kalmominka su ne zargi, tuhuma, gurfanarwa. Wawure, sama da faɗi, rub da ciki suna da daɗi a baki amma sai kotu ta same shi da laifi, in ba haka ba lauyansa zai koya maka sauran.

Ranar da aka tura ka Dawanau kawo farashin hatsi, kar ka tsaya a bakin ƙofa da rikoda kana tambayar nawa ne buhun masara. Duk wanda ya gan ka da wannan abin a hannu zai faɗa maka kuɗin da yake fata ne. Ka samu gefen rumfa ka zauna ka ji ana tayi, mai kaya yana albarka, dillali yana shiga tsakani don la'adarsa, har a kai inda za a ce na sallama. Wancan shi ne farashi. Ka tambayi nawa aka sallama yau, nawa aka sallama kasuwar da ta wuce, sannan ka tambaya sari ne ko kiri, kuma wane buhu, don buhu ba ɗaya ba ne, wani kwano arba'in yake ci wani ya fi haka, kuma kwanon Kano ba shi ne mudun Zariya ba, ba shi ne tiyar wani garin ba. In ka ji sun ce kaya sun yi kwantai to ba masu saye, in sun ce kasuwa ta yi sama ko ta zauna, ka rubuta yadda suka faɗa, ya fi duk abin da za ka fassaro daga takarda. Ka tafi da ɗan littafi a aljihu kana rubuta irin waɗannan, nawa na farko har yanzu yana nan duk ya sha manja.

In ka rubuta rahotonka na farko ka turo min in duba kafin ka kai wa edita, amma dan Allah a rubuce, kar ka turo min murya, wayar ta cika.